Yadda ake ɗanɗana shayin Darjeeling na gonar Castleton, da haɗa shi, da abin da ake ci da shi

Shayi a wurinmu abin dafawa ne. A zuba ganye a tukunya, a jefa citta da kanunfari, wani ya ƙara na'a-na'a, a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi jawur, sannan a kawo madara da sukari. Wannan shayi yana da daɗinsa, kuma ganyen da ake yin sa da shi an sarrafa shi ne musamman domin ya jure wuta. Amma akwai ganyen da idan ka yi masa haka ka zubar da kuɗinka a ƙasa, kuma shayin Darjeeling na manyan gonaki yana kan gaba a cikinsu. Ba a dafa shi. Jiƙa shi ake yi da ruwan zafi na ɗan lokaci da aka auna, a tace, a sha haka nan.

Darjeeling gunduma ce a jihar Bengal ta Yamma, a arewa maso gabashin Indiya, a gindin tsaunukan Himalaya daf da iyakar Nepal. Wani likita ɗan Birtaniya, Archibald Campbell, shi ya fara gwada shuka shayi a wurin a shekarar 1841 da irin da asalinsa na ƙasar Sin ne. A yau gonaki 87 ne doka ta yarda su sayar da ganyensu da wannan suna, kuma suna kan gangaren duwatsu ne daga tsayin mita 600 zuwa wajen mita 2,000. Duk abin da suke samarwa a shekara bai kai kilo miliyan 10 ba, wato bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na shayin Indiya ba. Mata ne galibi ke tsinkar ganyen da hannu, ganye biyu da toho ɗaya daga kan kowane reshe, suna hawa da sauka a gangare da kwando a baya, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Wannan kaɗai ya isa mutum ya kula da abin da ya shigo hannunsa.

Na zaɓi gonar Castleton da ke yankin Kurseong, mallakar kamfanin Goodricke, domin ta yi suna da tsinka ta biyu, wato ganyen da ake tsinka a Mayu da Yuni, kuma ita ce na fi sabawa da ita. Duk abin da zan faɗa zai yi maka aiki a kan ganyen wasu gonakin Darjeeling kamar Makaibari, ko Margaret's Hope, ko Jungpana, ko Goomtee.

Kayan aiki

Ganyen shayin da kansa, giram 50 ya isa a farko. Ruwa mai kyau, wanda zan yi dogon bayani a kansa. Butar tafasa ruwa wadda ba a taɓa dafa shayin kayan ƙamshi a cikinta ba. Butar jiƙawa ta tangaran ko ta gilashi mai murfi, mai cin rabin lita. Buta ta biyu ko jug wanda za ka tace shayin a ciki. Rariyar shayi mai ƙananan ido. Fararen kofuna na tangaran, domin launin shayin ya fito. Farin faranti, da babban cokali, da agogon wayarka.

Abu guda da nake roƙonka ka saya shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu sayar da zinariya. Ba shi da tsada. Cikakken ganye yana da girma amma ba shi da nauyi, saboda haka cokali yana yaudara: cokalin shayi cike da tozo na wannan ganye wajen giram 2 ne, wani lokaci bai kai ba. Idan ba ka da sikelin, ka tsaya a kan cokali ɗaya tak kullum, ka riƙa cika shi iri ɗaya, domin in za ka gyara ka san daga inda ka tashi.

Idan babu butar tangaran, kwalbar gilashi mai kauri mai faɗin baki za ta yi, ka rufe ta da faranti. Idan babu fararen kofuna, ƙananan kofunan gilashi na ataya sun ma fi nuna launi. Abin da ba zai yi ba shi ne kofin roba, da filas ɗin gida, da 'yar butar ataya da ta sha na'a-na'a da sukari shekara da shekaru. Duk suna riƙe wari, kuma wannan shayi ba shi da ƙarfin da zai danne warin wani abu.

1. Karanta kwalin kafin ka biya

Shayin da ake sayarwa a duniya da sunan Darjeeling ya fi wanda gonakin ke samarwa yawa, saboda haka jabu da gauraye sun cika kasuwa. Tun 2004 Indiya ta ba sunan kariyar doka, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2011, kuma Hukumar Shayi ta Indiya tana da tambari: hoton mace riƙe da ganye biyu da toho. Ka nemi tambarin, amma kada ka tsaya a nan. Ganyen gona guda na gaskiya yana zuwa da sunan gonar, da shekarar tsinka, da lokacin tsinka, da lambar kashin da aka sarrafa, wadda ke farawa da DJ. DJ-1 shi ne kashin farko da gonar ta fitar a shekarar, lambar tana ƙaruwa yayin da shekara ke tafiya. Mai sayarwar da ya kasa faɗa maka waɗannan, to bai san abin da yake sayarwa ba.

Lokutan tsinka huɗu ne. Tsinkar farko daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, bayan itatuwan sun huta da sanyi, a kwali za ka ga First Flush. Ganyenta kore-kore ne, ruwanta fatsi-fatsi, ƙamshinta na fure da ɗanyen ganye. Tsinka ta biyu a Mayu da Yuni, Second Flush, ganyenta ya fi duhu, ruwanta launin zuma mai ja-ja, kuma ita ce mai ƙamshin wani irin inabi da ake kira muskat, wanda a kwali ake rubuta wa Muscatel. Masu gonakin da masana suna danganta wannan ƙamshi da wasu ƙananan ƙwari da ke tsotsar ganyen a wannan lokaci, itacen kuma ya mayar da martani da fitar da sinadarai masu ƙamshi. Tsinkar damina daga Yuli zuwa Satumba ita ce mafi rauni da araha, yawanci a gauraye take ƙarewa. Ta kaka a Oktoba da Nuwamba tana da laushi da garɗi. Ga mai farawa, musamman wanda bakinsa ya saba da shayi mai kauri, tsinka ta biyu nake ba da shawara. Ta farko takan zo wa mutanenmu kamar ruwan zafi mai ƙamshi kawai, sai baki ya saba.

Za ka kuma ga jerin haruffa kamar FTGFOP1 ko SFTGFOP1. Suna nufin cikakken ganye ne mai toho da yawa. Idan akwai B a tsakiya, kamar TGBOP, ganyen karyayye ne, ya fi saurin sakin ɗaci. Haruffan siffar ganye suke bayyanawa, ba su yi alkawarin daɗi ba.

Hanyar samu: masu zuwa Indiya karatu ko jinya ko kasuwanci, da shagunan shayi na intanet. Ka ba ɗan aiken sunan gona da lokacin tsinka a rubuce, in ba haka ba zai dawo maka da kwali mai ado na filin jirgi. Idan kuɗin bai kai ba, ganyen yankin Ilam na Nepal, wanda ke ƙetaren iyaka a kan duwatsu iri ɗaya, yana da kyau ƙwarai kuma ya fi sauƙi. Ka saye shi da sunansa ka koyi hannu da shi.

2. Ruwa

Nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Kofin shayi kusan duka ruwa ne, saboda haka ruwan da bai da daɗi ba zai ba da shayi mai daɗi ba ko ganyen nawa aka saye shi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai zartsi, wanda ke barin farin ƙasa a gindin buta, yana dushe launin shayi, ya danne ƙamshi, ya bar wani yauƙi mai sheƙi a saman kofi. Ruwan famfo mai warin kulorin shi ma haka. Ruwan randa kuwa, duk da daɗinsa a maƙogwaro, yana ɗauke da ƙamshin ƙasa da na turaren da aka yi wa randar, ka bar shi don sha.

Ka kurɓi ruwan da sanyinsa tukuna. Idan ba ka ji komai ba, babu wari babu ɗanɗano, shi ake nema. Ruwan gora yawanci yana yi. Na leda sai ka gwada, domin wanda ya daɗe a rana yana ɗaukar warin roba. Idan na famfo kaɗai gare ka, ka ɗiba ka bar shi a buɗaɗɗen mazubi mai tsabta ya kwana an rufe da ƙyalle, sannan ka tafasa. Hanya mafi sauƙi ta gane gaskiya ita ce ka haɗa ganye ɗaya da ruwa iri biyu ka jera kofunan. Bambancin zai ba ka mamaki.

Ka tafasa sabon ruwa sau ɗaya. Idan da itace ko gawayi ko risho kake amfani, ka rufe butar ruf, domin ruwa yana kama hayaƙi da warin kananzir.

Zafin da ake so: tsinka ta biyu digiri 90 zuwa 95, tsinkar farko 80 zuwa 85. Ba sai da ma'aunin zafi ba. Ga ta biyu, sauke butar, buɗe murfin, ka jira minti ɗaya zuwa biyu. Ga ta farko, haɗa kofi huɗu na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan da ke ɗaki, wanda bai shiga firji ba, za ka sauka kusan digiri 85. Mazauna Jos da sauran tuddai su sani ruwansu yana tafasa ne a wajen digiri 96, saboda haka ga tsinka ta biyu ba su da jira sosai.

3. Duba busasshen ganyen

Zuba cokali ɗaya a farin faranti kusa da taga. Ganyen Castleton na tsinka ta biyu murɗaɗɗe ne, siriri, launinsa ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon toho masu launin azurfa ko zinariya. Ya kamata tsawonsu ya zo kusan ɗaya. Idan ka ga gari da yawa ko itace-itace, an rage daraja. Murza ɗaya a yatsa: ya karye ƙaras. Idan ya lanƙwashe, ya sha danshi.

Busasshen ganye ba ya faɗin komai sosai sai ya ji ɗumi. Ɗauraye kofi da ruwan zafi, zubar, jefa ganyen a cikin kofin mai ɗumi, rufe na ɗan lokaci, sannan ka buɗe ka shinshina. Kada ka yi wannan bayan ka shafa turare a hannu ko ana turaren wuta a ɗakin.

4. Gwajin ɗanɗano

Kafin ka ba kowa sabon ganye, ka zauna da shi kai kaɗai. Masu ɗanɗanar shayi na gonaki da na kasuwar gwanjo ta Kolkata suna da tsari wanda da gangan yake matsa wa ganye domin aibinsa ya fito. Ƙa'idar duniya ta ISO 3103 ta ce giram 2 ga kowane mililita 100, tafasasshen ruwa, minti 6. Wannan ba haɗin sha ba ne, zai yi bauri. Amfaninsa shi ne ka san iyakar ganyen. Ka yi shi sau ɗaya ga kowane sabon saye, da ganye giram 2 a ruwa mililita 100, wato rabin kofi.

Da lokaci ya cika, tace cikin farin kofi, ka juye jiƙaƙƙen ganyen a kan murfi ko faranti. Fara da ganyen, ba ruwan ba. Kai hanci kusa tun yana tururi, nan ƙamshin ya fi fitowa. A tsinka ta biyu mai kyau za ka ji wani abu tsakanin zabibi, da zuma, da busasshen itace. Launin ganyen ya zama na jan ƙarfe mai haske, bai ɗaya. Baƙi ƙirin ko warin ƙauri yana nuna an zarce a wurin busarwa. Warin rima ko na tsohon buhu yana nuna ajiya ta ɓata shi. Buɗe ganye ɗaya da yatsa ka ga ko cikakke ne.

Sai ruwan. Ya zama garai-garai, kana hango gindin kofin, da zobe mai haske a gefe. Bar shi ya huce na minti uku ko huɗu, domin harshen da ya ƙone ba ya gane komai. Ɗebo a babban cokali ka zuƙe shi da ƙarfi tare da iska, har da ƙara. A gaban manya wannan rashin ladabi ne, shi ya sa na ce ka zauna kai kaɗai, amma yana da dalili: iskar tana watsa ruwan a duk baki, ta tura ƙamshin ta bayan maƙogwaro zuwa hanci, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa. Riƙe a baki kaɗan, haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci.

Abu uku za ka rarrabe, kuma masu farawa sukan cakuɗa su. Ɗaci ɗanɗano ne, a harshe ake jin sa. Bauri kuwa ba ɗanɗano ba ne, kamewar baki ce, irin wadda goro ke bari a dasashi. Darjeeling mai kyau yana da ɗan bauri mai tsabta wanda ke wucewa ya bar zaƙi-zaƙi a baya, kuma ana son hakan. Na uku shi ne daɗewar ƙamshi bayan haɗiya. Wannan shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa. Ganye na talaka yana ɓacewa da zarar ya wuce maƙogwaro, na babbar gona yana nan da kai bayan minti ɗaya ko fiye, yana sauyawa. Ka sake kurɓa idan ya yi sanyi. Ganye mai kyau yana ƙara zaƙi yayin da yake hucewa, maras kyau yana ƙara ɗaci.

Kada ka yi gwaji bayan cin goro, ko yaji, ko goge baki da man haƙori. Hantsi ya fi, ka kurkure baki da ruwa. Ka rubuta abin da ka ji da kalmominka. Idan ƙamshin ya tuna maka da dabino ko ɗanyen zuma ko ƙamshin ciyawa bayan ruwan farko, haka za ka rubuta, ba dole sai abin da aka buga a kwali ba.

5. Haɗin sha

Ɗauraye butar jiƙawa da ruwan zafi ka zubar. Mutane suna tsallake wannan, alhali buta mai sanyi tana sace zafin ruwan tun kafin ganyen ya buɗe, musamman da hunturu.

Auna giram 2 da rabi ga kowane kofi mai cin mililita 200. Ga rabin lita, giram 6. Zuba ganyen sake a cikin butar. Kada ka cusa shi a 'yar ƙwallon ƙarfe mai huji, domin ganyen yana kumbura ya ninka girmansa, yana bukatar fili. Zuba ruwan, rufe, kunna agogo nan take. Tsinka ta biyu minti 3 zuwa 4, ni a kan 3 da rabi nake farawa da ganyen Castleton. Tsinkar farko minti 2 zuwa 3. Kada ka juya da cokali, kada ka girgiza, kada ka mayar kan wuta.

Da agogo ya buga, tace duka cikin buta ta biyu mai ɗumi, har ɗigon ƙarshe. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa: a zuba kofi biyu, a bar sauran ruwan a kan ganye ana hira, a dawo a tarar ya zama maɗaci. Idan buta ɗaya gare ka, jera kofunan ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan kana zagayawa har ruwan ya ƙare, domin na farko kada ya zama salam na ƙarshe ya yi kauri. Kuma kada ka matse ganyen a rariya.

Ganyen zai iya ba da zagaye na biyu idan ka sake zuba ruwa a cikin sa'a guda, ka ƙara minti ɗaya. Na biyu ya fi sauƙi, ba zai kai na farko ba. Masu ataya sun saba da zagaye uku da kumfa da zubowa daga sama. A nan babu kumfa, kuma zubowa daga sama ƙamshi kawai yake kora.

6. Idan bai yi ba

Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Ya yi ɗaci ko bauri ya yi yawa: rage daƙiƙa 30, in bai isa ba rage zafin ruwa. Ya yi salam: ƙara ganye, kada ka ƙara lokaci, domin ƙarin lokaci bauri yake jawowa. Launi ya dushe kuma ƙamshi ya kwanta alhali busasshen ganyen yana ƙamshi: ruwanka ne. Idan ka riga ka zarce lokaci kuma baƙi na zaune, tsarma shi da ɗan ruwan zafi, zai shawu.

7. Kai wa baƙi

Ɗumama kofunan, goge bayansu, cika kashi biyu cikin uku domin ƙamshi ya sami wurin taruwa. Ƙananan kofuna sun fi, a sha a ƙara. Ka haɗa gwargwadon abin da za a shanye a zama ɗaya. Filas yana ci gaba da dafa shayi, bayan rabin sa'a launinsa ya yi duhu ƙamshin ya tafi. In dole ne, ruwan zafin za ka ajiye a filas mai tsabta, ka riƙa jiƙa sabo.

Miƙawa kamar yadda muka gada ne: da hannun dama, a fara da babba ko na dama. Inda ake samun matsala shi ne madara da sukari. Baƙo zai duba kofin ya ga ruwa garai, ya ɗauka an yi masa rowa. Ka yi masa bayani da ladabi kafin ya tambaya: “Baba, wannan ganyen daga Indiya ya zo, a kurɓa ɗaya haka nan a ji, ga sukari nan in ana so.” Ka ajiye sukarin a tire da gaske. Baƙo ya fi ganye daraja, kuma rabin cokali na sukari ba ya kashe tsinka ta biyu. Madara ce ke kashe ta, domin tana ɗaure baurin ta lulluɓe ƙamshin, shayin kuma ba shi da kaurin da zai ɗauke ta. Wanda ba ya shan shayi sai da madara, ka haɗa masa na leda ko ganyen Mambila da ya dace da hakan, kowa ya ji daɗi. Lemon tsami, citta, kanunfari da na'a-na'a duk su jira wata rana.

8. Abin da ake ci da shi

Ƙa'idar ita ce kada abincin ya fi shayin ƙarfi, sannan ɗan maiƙo ko ɗan zaƙi yana tausasa bauri. A ƙasashen Turai da biskit na man shanu da kek maras ado suke sha. Mu muna da abin da ya fi waɗannan dacewa.

Ga tsinka ta biyu, ban sami abin da ya kai dabino ba, musamman busasshe wanda zaƙinsa bai yi yawa ba. Ciji kaɗan, tauna, haɗiye, sannan ka kurɓa. Zaƙin dabinon yana ɗaga ƙamshin inabin nan, shayin kuma ya wanke baki. Mai laushi sosai mai danƙo yakan rinjayi shayin, sai a rage. Dubulan da cincin suna tafiya da shi lafiya idan man suyar sabo ne. Alkaki yana yi, amma guntu kaɗan, domin zumarsa ko sukarinsa da ɗan tsaminsa suna da ƙarfi. Gyaɗa soyayya da yashi, maras gishiri da yawa, tana fito da ɓangaren itacen da ke cikin ƙamshin. Nakiya kuwa tana da kayan yaji a ciki, sai ta danne shi.

Idan abinci mai gishiri ake so, gasasshiyar kaza ko naman rago da gishiri kawai, da gurasa, suna karɓar tsinka ta biyu, domin baurin yana yanke maiƙo. Da zarar an barbaɗa yaji an gama. Tsire da kilishi da dambun nama mai barkono suna ƙona harshe, bayan su ba za ka ji komai a kofin ba sai zafi da ɗaci. Haka miyar da ta ji daddawa, da ɗanyar albasa, da kifi busasshe.

Tsinkar farko ta fi son abu mai sauƙi: masa da ɗan man shanu ba miya, burodi sabo, wara da aka soya sama-sama, ko yankan gwanda. Lemo da abarba tsaminsu yana faɗa da ita.

Da azumi mutane da yawa za su so su kawo shi wurin buɗe baki saboda dabinon. Ka bari a sha ruwa a ci wani abu tukuna, domin shayi mai bauri a cikin da babu komai yana tayar wa wasu zuciya. Yana kuma da sinadarin kafin mai hana barci duk da launinsa maras duhu. Sannan shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye, saboda haka mai ƙarancin jini ko mai juna biyu ta ba da tazarar sa'a guda tsakaninsa da babban abinci.

Da bazara akwai wata hanya da nake so ƙwarai. Zuba giram 10 a lita ɗaya na ruwan sanyi a kwalbar gilashi, rufe, sa a firji sa'a 6 zuwa 8, tace. Ruwan sanyi ba ya jawo bauri sosai, sai zaƙi da ƙamshi. A shanye a ranar. Idan wuta ba ta tsayawa, sa kwalbar a kula da ƙanƙara, kada ka bar ta a zafin ɗaki tsawon wannan lokaci.

9. Ajiya

Iska, haske, zafi, danshi da wari su ne maƙiyan ganye, kuma muna da su duka. Ka bar shi a ledarsa ta asali mai azurfa a ciki, matse iskar, naɗe bakin, sa a gwangwani mai murfi mai kamawa. Kada gwangwanin ya zama wanda aka taɓa ajiye kofi ko kayan yaji. Ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kicin, nesa da sabulu da turare da humra. Ganyen shayi yana zuƙar wari da sauri, kwana kaɗan a durowa ɗaya da turare sun isa. Ledar da aka riga aka buɗe kada ta shiga firji, domin duk fitowa raɓa tana sauka a kan ganyen. Da damina ka raba shi kashi biyu, ƙaramin na amfanin yau da kullum, babban a rufe ba a taɓawa, kuma cokali busasshe kaɗai ke shiga ciki.

Tsinkar farko a shanye ta cikin wata shida da tsinka, domin ƙamshinta ba ya jira. Ta biyu tana kai shekara guda ko ɗan fiye idan ajiya ta yi kyau. Ka rubuta ranar da ka buɗe a jikin gwangwanin, kuma idan za ka sake aika saye, ka lissafa lokacin: ganyen Mayu da Yuni yakan fito kasuwa daga Yuni zuwa Agusta, saboda haka mai dawowa daga Indiya a wannan tsakani shi zai kawo maka na shekarar.